Tudun Iska: inda na kai da juya littafin Emily Brontë zuwa Hausa

6 ga Janairu 2025

To bismillah, yau dai na fara. Kusan shekara biyu ina cewa zan juya Wuthering Heights zuwa Hausa, ba wai don bugawa ba tukuna, don Gwaggo ce, tun da yanar ido ta kama ta ta daina fita da dare kuma rediyo ta ishe ta, kullum bayan isha'i sai ta ce 'yar nan zo ki ba ni labarin abin da kike ta ƙura wa ido a wayar nan. Tsarin shi ne in na dawo daga makaranta in fassara a littafin rubutu, da dare in karanta mata, duk inda ta ce "me?" na san wurin bai zauna ba sai in koma in gyara. Babi 34 ne. Turancin yana nan kyauta a intanet tunda an buga shi tun Disamba 1847.

Sunan ne ya fara ba ni wuya. Gida ne a kan tudu a yankin Yorkshire na arewacin Ingila inda iska ke bugawa ba dare ba rana har bishiyoyin wurin duk sun karkace gefe guda. Ina zaune ina tunani iskar hunturu tana ta kaɗa kwanon rufin ɗakin girki, sai kawai na rubuta Tudun Iska. Ɗaya gidan na masu kuɗin da ke can ƙasa na sa masa Gidan Gangare.

14 ga Janairu

Babi na 3 jiya. An ɗauke wuta, da fitilar waya na karanta. Baƙon nan Lockwood ƙanƙara ta tare shi ya kwana a wani tsohon gado mai kamar akwati, cikin dare ya ji reshe yana buga taga, ya fasa gilashin ya miƙa hannu zai kama reshen sai ya ji ya kama hannun yarinya sanyi ƙalau, tana kuka tana cewa a bar ta ta shigo shekara 20 take yawo a daji. Da ta ƙi sakinsa sai ya dinga goga hannun nata a fasasshen gilashin har jini ya jiƙa shimfiɗa. Gwaggo ta yi salati ta ce dakata, wannan mutumin kirkin ne na labarin? Na ce eh shi ne ɗan birni mai ilimi. Ta ce to in mai ilimin haka yake ina ga sauran.

Wallahi wannan tambayar ta tsaya min. Irin waɗannan littattafan Turawa na ce musu gotik, na tsofaffin gidaje da fatalwa da sirrin dangi, Horace Walpole ne ya buɗe ƙofar a 1764 sannan Ann Radcliffe ta yi suna da su, amma a nasu yawanci can wata ƙasa ake kai labarin, Italiya ko Faransa, cikin ganuwa da kurkuku. Ita Emily a gidan manomi ta ajiye abin tsoron, kusa da murhu da karnuka da kwanukan koko.

27 ga Janairu

Babi 4 zuwa 7 sun tafi da sauri. Maigida Earnshaw ya tafi Liverpool a ƙafa, mil 60 zuwa mil 60 dawowa, ɗansa Hindley ya ce a sayo masa goge, 'yarsa Catherine ta ce bulala, sai ga shi ya dawo dare na uku da yaro baƙi duƙun-duƙun a cikin rigarsa wai a titi ya tsince shi, gogen ya farfashe bulalar ta ɓata. Aka sa wa yaron Heathcliff, sunan wani ɗansu da ya rasu yana ƙarami, sunan kuma shi ke nan, ba na uba ba na dangi.

Gwaggo ba ta iya faɗin sunan, Ɗan Tsintuwa take ce masa. Kuma nan take ta ce namiji ba ya ɗauko ɗan titi daga uwa duniya ya mayar masa da sunan ɗansa mamaci ya fifita shi a kan na cikinsa haka kawai, a binciki maigidan nan. Na yi mamaki sosai don akwai masana da suka yi wannan zargin a rubuce, cewa ƙila ɗansa ne na waje, duk da littafin bai faɗa ba. Ita ba ta karanta kowa ba, zaman gidan yawa ne kawai ta yi.

Wani abun da ban lura da shi ba sai da na zo fassarawa, Liverpool a wajen 1771 da labarin ya sa zuwan yaron babbar tashar jiragen cinikin bayi ce, kuma a littafin kowa da abin da yake kiransa, mai reno Nelly ma har ce masa ta yi wa ya sani ko ubansa sarkin Sin ne uwarsa sarauniyar Indiya. Ba a taɓa faɗin asalinsa ba. Na bar shi haka a Hausar, ban ƙara ban rage ba.

9 ga Fabrairu

Dattijon nan Joseph mai aikin gidan zai kashe ni. Da karin harshen Yorkshire aka rubuta maganarsa, sai na karanta layi sau biyar da ƙarfi kafin in gane. Wata ƙawata ta ce in sa shi ya yi Sakkwatanci ko Katsinanci, na gwada shafi ɗaya na yage, saboda mutumin mugun mai tsegumi ne mai wa'azin tsiya, in na ɗora masa harshen wani gari kamar na zagi mutanen garin ne. Yanzu dai na ba shi maganar tsoho mai mita, guntu-guntu, da yawan "oho dai" da "za ku gani". Ashe ma yayar Emily, Charlotte, da ta sake fitar da littafin a 1850 sai da ta sassauta maganar Joseph ɗin don tana ganin mutanen kudancin Ingila ba za su fahimta ba.

23 ga Fabrairu

Yau ban fassara ko layi ba, karatu na yi a kan yadda aka karɓi littafin, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Emily da 'yan'uwanta Charlotte da Anne 'yan mata uku ne 'ya'yan limamin coci a ƙauyen Haworth, ubansu Patrick mutumin Ailan ne, uwarsu ta rasu a 1821 Emily tana shekara 3, yayyensu mata biyu suka bi ta a 1825. Da za su buga rubutu sai suka ɓoye a bayan sunayen da ba a gane mace ce ko namiji, Currer da Ellis da Acton Bell (Emily ce Ellis), don sun san in aka gane mata ne da wani ido za a duba. Littafin waƙoƙinsu na 1846 kwafi 2 kacal aka saya. Na Charlotte wato Jane Eyre ya fito a Oktoba 1847 ya karɓu nan da nan, na Emily ya biyo baya da wata biyu a hannun wani mai buga littattafai Thomas Newby, haɗe da na ƙanwarsu Anne a kundi uku, kuma sai da su biyun suka zuba fam 50 daga aljihunsu.

Masu sharhi suka yi masa ca. Wata mujallar Amurka, Graham's, a 1848 ta ce abin mamaki ne a ce ɗan Adam ya rubuta irin wannan bai kashe kansa ba kafin ya kai babi goma sha biyu. Wata jaridar Landan ta Douglas Jerrold ta ce baƙon littafi ne da ya gagari ma'aunin sharhi amma in ka fara ba ka iya ajiyewa. Kusan dukkansu sun yarda akwai ƙarfi a rubutun, abin da ya dame su shi ne rashin imanin mutanen ciki da zage-zage da duka. Wasu ma suka ce ai duk Bell ɗin mutum ɗaya ne, wannan aikin ƙuruciyar mai Jane Eyre ne, har sai da Charlotte da Anne suka hau jirgin ƙasa zuwa Landan a Yuli 1848 don su nuna kansu, Emily ba ta je ba. Ranar 19 ga Disamba 1848 tarin fuka ya kashe ta tana shekara 30, shekara ɗaya cif da fitowar littafin, wata uku bayan ɗan'uwansu Branwell, Anne ta bi ta a Mayu 1849. Bayan rasuwarta aka tarar da yankakkun sharhohin jaridu a akwatin rubutunta, wato ta karanta su ta adana. Wannan ne ya sa ni hawaye.

Na ba Gwaggo labarin, ta ce Allah sarki, ko miji ba ta yi ba? Na ce a'a. Ta yi shiru can ta ce to a ina ta san zuciya haka. Ni kuma sai na tuna yadda aka dinga ce wa littattafan matanmu adabin kasuwar Kano cikin raini, ana cewa suna lalata tarbiyya, da yawan masu faɗin ba su karanta ba.

28 ga Fabrairu

Babi na 9 ya kammala. Nan ne Catherine take faɗa wa Nelly a ɗakin girki cewa ta amsa wa Edgar Linton na Gidan Gangare, don auren Heathcliff yanzu zubar da daraja ne a gare ta tunda Hindley ya mai da shi bara bayan mutuwar ubansu, shi kuma yana bayan benci yana ji, daidai nan ya sulale ya fita bai tsaya ya ji sauran ba, inda take cewa ita ce Heathcliff ɗin kansa. "Ni ce Heathcliff" na rubuta, Gwaggo ta ce me? Na gwada "ni da shi rai ɗaya ne" ta ce yauwa, amma ni ban gamsu ba don wannan kowace budurwa tana faɗa, ita kuwa abin da take nufi ya fi haka nauyi har da ɗan ban tsoro. Na bar biyun a takarda na ja layi.

Azumi ya zo, zan ajiye sai bayan salla.

12 ga Afrilu

Mun dawo. Babi 10 zuwa 14. Heathcliff ya ɓace shekara 3 ya dawo da kuɗi da kaya masu kyau ba wanda ya san inda ya samo. Ya sauka a Tudun Iska wurin Hindley da ya zama mashayi tun mutuwar matarsa, yana ba shi bashi suna caca. Ya yaudari Isabella ƙanwar Edgar ya gudu da ita, daren da za su tafi ya rataye 'yar karyarta da hankici, yarinyar tana gani kuma ta bi shi. Tun daga nan Gwaggo ta daina cewa Ɗan Tsintuwa, "wancan" take cewa.

26 ga Afrilu

Babi 16, Catherine ta rasu wurin haihuwa, bakwaini ta haifa mace aka mayar mata da sunan uwar. Heathcliff kuma yana lambu yana buga kansa a jikin bishiya har jini, yana roƙon kada ta samu hutu, ta dinga bibiyarsa muddin yana raye. Gwaggo ta ce a'uzubillahi, mamaci addu'ar rahama ake masa, wannan ba so ba ne ciwo ne.

Abin da nake so in rubuta don kar in manta. Kafin in fara aikin nan ni ma a kaina littafin soyayya ne, haka ake tallarsa, namiji da mace a kan tudu iska na kaɗa musu gashi. Amma ga shi uwar soyayyar ta mutu kuma saura babi 18, fiye da rabi. Fim ɗin Amurka na 1939 da Laurence Olivier ya fito a ciki wajen nan ya tsaya, ya yar da 'ya'yan gaba ɗaya, kuma ina ganin shi da irinsa ne suka gina sunan da littafin ke da shi a wurin jama'a yau. Gaskiya ni yanzu masu sharhin 1848 da suka firgita sun fi burge ni a kan masu cewa labarin masoya ne mai daɗi, don su dai sun karanta abin da ke kan takarda, hukuncinsu ne kawai ya kauce. Mawaƙi Dante Gabriel Rossetti a wata wasiƙa ta 1854 ya ce labarin a jahannama yake faruwa sai dai mutane da wuraren suna da sunayen Ingilishi, kuma yabo yake yi.

10 ga Mayu

Zafi ya yi yawa, a tsakar gida muke zama yanzu a tabarma. Babi 17 zuwa 21. Hindley ya mutu yana shekara 27, aka duba aka ga ya jinginar da gida da gona kaf ga Heathcliff saboda caca, ɗansa Hareton da ya kamata ya gaji komai ya zama ɗan aiki a gidan ubansa, ba a koya masa ko harafi ba, sunan kakansa na can sama irin nasa yana sassaƙe a saman ƙofa da shekarar 1500 amma bai iya karantawa ba. Abin da aka yi wa Heathcliff yana yaro shi ya juye a kan ɗan wanda ya yi masa, mudu da mudu. Nan Gwaggo ta fi natsuwa a duk karatun, ba ta katse ni ko sau ɗaya ba, da na gama ta ce cin dukiyar maraya ke nan, ta kawo min labarin wani gida da ta sani tana amarya, ba zan rubuta shi ba.

Wani daɗi da Hausa ta ba ni. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga duk 'ya'yan 'yan'uwan iyaye shi ya sa masu karatu ke rikicewa da dangantakar. A Hausa kuwa tsaf, Linton ɗan Isabella da Heathcliff ɗan gwaggon ƙaramar Catherine ne, Hareton ɗan kawunta ne, su biyun duk taubasanta. Ina faɗin haka Gwaggo ta ce to auren zumunci za a yi, wancan so yake ya haɗa gidajen biyu a hannunsa. Ta riga marubuciyar da babi shida.

24 ga Mayu

Na karanta gabatarwar da Charlotte ta yi wa bugun 1850, wadda ta fara bayyana wa duniya cewa Ellis Bell mace ce kuma ta rasu. Na san kare ƙanwarta take, ita kaɗai ta rage cikin su shida, ba zan ga laifinta ba. Amma ta nuna Emily kamar wata 'yar ƙauye da ba ta san duniya ba, wadda abin ya zo mata haka nan ba ta san me ta ƙirƙira ba, har ta ce ita ba ta ganin ya dace a ƙirƙiri mutum irin Heathcliff. Wannan hoton ya daɗe yana bin littafin, wai baiwa ce ɗanya ba gwaninta, har a 1867 wani ya fito ya ce ai Branwell ne ya rubuta, mace ba za ta iya ba. Alhali yarinyar ta je Brussels a 1842 ta yi karatun Faransanci da Jamusanci.

Sannu a hankali abin ya juya. Mawaƙi Swinburne ya yabe shi a 1883, shekarar da aka fitar da tarihin rayuwar Emily na farko. Marubuciya Virginia Woolf a 1925 ta ce ya fi Jane Eyre wuyar fahimta saboda Emily ta fi Charlotte zama mawaƙiya. Amma wanda ya fi min amfani wani lauya ne C. P. Sanger, a 1926 ya zauna ya tsinto duk wata alamar lokaci a littafin, shekarun wane, girbi, watan kaza, ya jera su ya ga sun hau daidai daga haihuwa zuwa mutuwa, dokokin gado da na jingina ma ta san su. Ni shaida ce, don na zana bishiyar dangin a bayan littafina da shekaru ina bi, har yau ban kama ta da kuskure ba. Wanda bai san abin da yake yi ba ba ya lissafi haka. Daga baya mai sharhi David Cecil a 1934 ya ɗora shi a sahun gaba, yau kuma gidan nasu na Haworth gidan tarihi ne tun 1928.

7 ga Yuni

Hidimar babbar salla, babi biyu kawai, 27 da 28. Heathcliff ya kulle ƙaramar Catherine da Nelly a Tudun Iska, ya mare ta, ya tilasta ta auri ɗansa Linton da ke bakin mutuwa alhali ubanta Edgar na can yana jinyar ajali, lauyan da Edgar ya aika a kira don ya gyara wasiyya ma ashe an riga an saye shi. Sai da na tsaya na yi wa Gwaggo bayani cewa a Ingila ta lokacin in mace ta yi aure abin hannunta na miji ne, sai a 1870 da 1882 aka yi dokokin da suka canza haka. Ta ce ko 'yan kunnenta? Ko akuyarta? Ta kasa yarda, ta sa na maimaita.

21 ga Yuni

Babi 29 na gama shi tun ranar 15 amma ban karanta mata ba sai jiya. Shi ne inda Heathcliff yake faɗa wa Nelly da bakinsa cewa da ake haƙa kabarin Edgar ya sa mai haƙan ya buɗe akwatin gawar Catherine ya kalli fuskarta bayan shekara 18, ya ɓalle gefe ɗaya na akwatin, ya ba da cin hanci a yi wa nasa haka in ya mutu don ƙasarsu ta gauraya. Na yi ta tunanin ko in tsallake, tsohuwa ce kuma dare ne, amma in na fara yanke abin da bai min daɗi ba na zama masu fim ɗin nan. Na ce Gwaggo wannan babin da nauyi, kin yarda in karanta? Ta ce ba da dare ba. Jiya da hantsi bayan ta karya na karanta mata a ƙofar ɗakinta, hadari na haɗowa. Ba ta yi salati ba wannan karon. Ta ce shekara 18 bai yi barci ba ke nan, na ce haka ya faɗa. Ta ce Allah ya raba mu, sai kuma ta ce Ɗan Tsintuwa bai ga daɗin duniya ba. Rabonta da kiransa haka tun Afrilu.

Saura babi 5. Matsalar da ke gabana ita ce kalmar abin da yake gani, na sa fatalwa a babi na 3 amma a nan ba ta zauna ba don shi ba tsoro yake ji ba nema yake, kurwa kuma tana ja zuwa maita, Gwaggo ta ce in sa "inuwarta" in gani. Zan gwada a 29 ɗin in koma 3 in duba ko za ta hau can ma. Littafin rubutu na uku ya kusa cika, gobe in na fita zan sayo wani, kuma ƙanena ya ce zai fara yi min taifin na farkon a kwamfuta in ya gama jarrabawa. Ta riga ta tambaye ni sau biyu ko yaron nan Hareton zai koyi karatu, ban faɗa mata ba.